Idon Inna da Duwatsun Ha Long

Thanh Ba, tsakiyar watan Mayu, 1993

Yaya Nhan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, sanyin ƙasar Cek ya sassauta, tarin da ƙurar masaƙa ta sa miki kuma ya sake ki. Mu nan lafiya ƙalau. Matata Luyen tana gaishe ki. Cikinta ya fito sosai, har ta daina hawa tudu tsinkar ganyen shayi. Makarantarmu za ta yi hutu ƙarshen wata.

Sai dai maganar idon Inna. Kin san ta daɗe tana cewa tana ganin hazo da rana tsaka, muna cewa tsufa ne. Makon jiya ta zuba shayi a kan tebur, kofi yana gefe, sannan ta yi ta faɗa wai Luyen ce ta matsar da shi. Na ɗauke ta a mota zuwa Hanoi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya ci na hagu fiye da na dama. Ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce ko sau ɗaya kada a tsallake. Ya sa mana ranar aikin tiyata ƙarshen watan Agusta. Na tambaye shi ko aikin zai dawo da ganinta. Ya ce aikin tsayar da ɓarna yake yi, abin da ya tafi ya tafi, kuma a shekarunta ba ya yi wa kowa alkawari.

Na ɗauka Inna ba ta ji ba. Muna fitowa bakin ƙofar asibiti ta ce, “Khiem, ka kai ni Ha Long.”

Na ce, “Inna, a yi aikin tukuna.”

Ta ce, “In aka yi aikin na tashi cikin duhu fa? Sannan ne za ka kai ni in shafa duwatsun da hannu?”

Kin tuna yadda Baba, lokacin da yake raye, yake ba mu labarin zamansa a ma'adinar kwal ta Hon Gai, da duwatsun da suka tsiro cikin tekun Ha Long, wani kamar zakara, wani kamar kan mutum. Ya sha yi mata alkawarin zai kai ta, yaƙi ya zo, bayan yaƙi kuma ciwonsa. Ta ce min duk rayuwarta a bakin mutane take jin teku, ta gaji.

Yaya, ban amsa mata ba. Ke ce babba, kuma ke kike ɗauke da gidan nan daga nesa. In kin ce a je, sai mu je cikin hutu. In kin ce a'a, ki rubuto da dalilin da zan karanta mata, don ni ta fi ƙarfina. Ki amsa da wuri.

Ƙanenki,
Khiem

*

Liberec, ƙarshen watan Yuni, 1993

Khiem,

Ina gaishe ku duka, da fatan Inna tana cin abinci, Luyen kuma ba ta ɗaga kaya mai nauyi. Tarina ya yi sauƙi. Wasiƙarka ta yi yawo kafin ta same ni, don an mayar da mu wani ɗakin kwana, tana can tsohon gini a akwati babu wanda ya gaya min. Jiya na karanta ta a tsaye, yau nake amsawa.

A'a. Kada ka kai ta ko'ina. Ka karanta mata wannan da babbar murya: Inna, 'yarki Nhan ta durƙusa tana roƙonki ki zauna a gida har a yi aikin.

Kai kuma, malamin makaranta, ka manta watannin da guguwa take sauka a gaɓar can? Tsohuwar da ko jirgin fito na kogi ba ta shiga sai ta rufe fuska da malafa, ita za ka ɗora a kan teku? Hanyar ma kaɗai ta isa ta karya ta. In ciwon ya tashi a can, wane likita ka sani?

Na san yadda take yi maka. Tun kana yaro in ta yi shiru ta kau da kai, sai ka narke. Wannan karon ka daure. Duwatsun ba za su gudu ba. In takardun zamana sun fito daga ofishin 'yan sanda, inda suke tun bazara ana sabunta su, zan nemi hutu in zo lokacin sabuwar shekara, ni da kaina in kai ta, idonta a gyare, teku a kwance.

Ka rubuto ka ce min ka ji.

Yayarka,
Nhan

*

Bai Chay, bakin teku, tsakiyar watan Yuli, 1993

Yaya Nhan,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Inna lafiya, ni ma haka. Na bar Luyen a hannun mahaifiyarta.

Kin ga sunan garin da na rubuta a sama. Na yi ta zuwa gidan waya har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa. Da hutu ya fara ƙarewa babu amsarki, Inna ta ce, “Shirun Nhan yarda ce. In da ba ta so, da ka ji ta tun daga can.” Ni ma na ɗauka haka ne.

Hanya ta ba mu wuya. Mota ta cika da kwanduna da agwagi, muka tsallaka koguna a jirgin fito, Inna ta yi amai sau da yawa, amma ko sau ɗaya ba ta ce a koma ba. Da yamma muka iso. Mota ta sha wata kwana, sai ga ruwa shimfiɗe, kore shar, duwatsu tsaye a cikinsa bila adadin, na kusa baƙaƙe masu ciyayi a ka, na nesa sun koma shuɗi kamar hayaƙi.

Na ce, “Inna, ga shi nan.”

Ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta daɗe tana kallo da na dama. Can ta ce, “Ashe ubanku bai yi ƙarya ba. Ni da na ɗauka giya ce take ƙara masa.” Duk motar aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta ci gaba da kallo.

Mun sauka a gidan wata mata mai ba da ɗaki. Na so mu tsaya a kallon bakin gaɓa, amma kin san Inna. Da safe ta ga ana ɗibar baƙi a jirage, har da Turawa masu jan wuya, ta ce, “Waɗannan daga ƙarshen duniya suka zo za su shiga ciki, ni 'yar ƙasa in tsaya a baki kamar mai jiran fito?”

Na sami wani mai ƙaramin jirgin katako mai inji, Kawu Vong, dattijo mai yawan barkwanci. Ya dube ta ya ce, “Tsohuwa, kin iya iyo?” Ta ce, “Kai ka iya tuƙi? In ka iya, me zai kai ni iyo?” Nan take suka shirya. Gobe zai kai mu wani kogo mai duwatsu a rataye, mu wuce cikin tsibirai zuwa inda masunta suke zaune a kan ruwa, mu ci abincin rana, mu dawo kafin faɗuwar rana.

Zafi ya yi yawa yau, ko ganye ba ya motsi. Rediyo ya ce akwai guguwa can tsakiyar teku amma ta nufi arewa, ƙasar Sin. Kawu Vong ya ce da ita da mu sai labari. Maganin Inna yana cikin jakata, ina ɗiga mata a kan lokaci, kada ki damu. In mun dawo zan rubuto miki komai, har abin da za ta ce wa dutsen zakara.

Ƙanenki,
Khiem

*

Liberec, farkon watan Agusta, 1993

Khiem,

Ina fatan wannan ta same ku a gida, kai da Inna, lafiya. Ban san me zan rubuta a wurin gaisuwa ba bayan wannan.

Shiruna yarda ce? Na rubuto maka a'a, da manyan baƙaƙe. Ashe tana hanya kuna hanya.

Tun kafin wasiƙarka ta iso, wata abokiyar aikina 'yar Hai Phong ta kama tashar gida a rediyonta, muka ji guguwar ta juyo ta sauka a gaɓar Quang Ninh, yankin da Ha Long yake, jirage sun nutse, ana neman mutane. A lokacin har na ce a raina, gara da na hana su. Sai ga takardarka daga Bai Chay, na duba kwanan watan da ka sa, na lissafa. Ranar da ka ce za ku shiga jirgi ita ce ranar.

Na je babban gidan waya na biya aka nema min gidan wayar Thanh Ba. Matar ta yi ta bugawa, ta ce layi ba ya shiga. Na koma washegari, haka. Na aika da saƙon waya na telegiram, babu amsa. A wurin aiki zare ya yi ta tsinkewa a injina ina kallo ban gani ba, har shugabar sashe ta ce in je in zauna.

Ban yi fushi ba tukuna, Khiem. Ban da wurin ajiye fushi. Layi ɗaya nake so: muna raye. Ko a bayan takardar taba ka rubuta.

Nhan

*

Tashar jirage ta Hon Gai, watan Yuli

Yaya,

A tsaye nake rubutu, ruwa yana zuba, wani direba zai jefa min a akwati. Guguwa ta rutsa mu a cikin tsibirai, sai yau aka fito da mu. Ki yi haƙuri, Yaya, mun rasa …… Inna …… Na yi iya ƙoƙarina, babu likita, babu …… ta sha wahala ƙwarai, tana ta kiran sunanki …… Na sami motar kaya da ta yarda ta ɗauke ta a kwance …… Laifina ne. Zan rubuto idan an gama ……

Khiem

*

Liberec, tsakiyar watan Agusta, 1993

Khiem,

Ba zan tambayi lafiyarka ba. Na ga kana da lafiyar riƙe alƙalami.

Takardarka ta iso a cukurkuɗe, ruwa ya cinye rabin tawadar, amma abin da ya rage ya isa. Kun rasa Inna. Ta sha wahala. Tana kiran sunana. Ka ɗora ta a motar kaya kamar buhun kwal.

Ka ce laifinka ne. E, laifinka ne. Likita ya gaya maka, hankalinka ya gaya maka, da ka ƙara ɗan haƙuri da ka ga ni ma na gaya maka. Amma kai kullum so kake a ce Khiem ɗan kirki, Khiem mai jin maganar uwa. Ni ce muguwa mai cewa a'a daga nesa. Shekara da shekaru ina tsaye gaban inji a ƙasar da ko rana ba ta fitowa sosai, don Inna ta tsufa a hutu, kai kuma aikinka ɗaya kawai, ka riƙe min ita har in dawo. Ka kai ta teku ka kashe ta don ta ga dutse.

Na koma ofishin 'yan sanda na yi kuka a gaban tagar, suka ce takarduna ba su fito ba, in na fita ba zan dawo ba, kuma babu fasfo a hannuna ma balle in fita. Don haka ko jana'izar uwata ban samu ba.

Na yaga farin zanen gadona na ɗaura a kai na makoki. Na sa hotonta kusa da na Baba a kan akwatina, da turaren tsinke da kwanon shinkafa. 'Yan ɗakinmu sun zo sun rusuna mata. Wannan ce jana'izar da na iya.

Ka binne ta kusa da Baba, ba a gefen rafi inda ruwa yake kwanciya ba. Bayan wannan kada ka sake rubuto min. Abin da Luyen za ta haifa ba shi da laifi, zan riƙa aiko masa da kaya ta hannunta. Amma kai, ba ni da ƙane.

Nhan

*

Asibitin ido, Hanoi, farkon watan Agusta, 1993

Yaya Nhan,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya. Inna tana nan kwance kusa da ni, an naɗe mata kai da bandeji, tana barci. Jiya ta sha kunun shinkafa har ta nemi ƙari. Sai yau na sami natsuwar rubuta miki yadda ya kamata. Ina fatan guntuwar takardar da na aiko daga tasha ta iso, don kada ki ji labarin guguwa a rediyo hankalinki ya tashi.

Kamar yadda na gaya miki a ciki, mun rasa idon Inna na hagu. Na dama an yi masa aiki da gaggawa, likita ya ce yana sa rai. Ga yadda abin ya faru.

Safiyar ta yi kyau. Inna ta zauna a gaban jirgi da malafarta, ta ƙi shiga rumfa. Ta hau matakalar kogo da ƙafarta, ina riƙe da ita. Muka kutsa cikin tsibirai inda ruwa yake lif, duwatsu suna tsaye dama da hagu har sai ka ɗaga kai malafa ta faɗi kafin ka ga ƙarshensu. Muna cin shinkafa da ƙaguwa sai iska ta buso sau ɗaya, mai sanyi, ta tsaya. Kawu Vong ya ajiye kwanonsa ya tayar da inji.

Ba mu yi nisa ba sama ta rufe. Da muka fito daga bayan wani dutse zuwa fili, igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta maka, inji ya mutu. Kawu Vong ya ce, “Malam, ɗauki bokiti, kwashe!” Ina kwashewa yana fama da inji, iska tana tura mu wajen dutse, ina ganin katantanwar teku manne a jikinsa ƙuru-ƙuru. Inna ta ƙanƙame sandar rumfa, ta ce min, “Kada ka kalle ni, kalli bokitinka.” Da injin ya kama, sai ya juya da mu cikin wani lungu da duwatsu suka kewaye, inda masunta suka ɗaure gidajensu na kan ruwa wuri ɗaya.

A wurin tsallakar da ita daga jirgi zuwa dandamalin gidan, ƙafarta ta zame. Na saki komai na cafke ta. Jakar da ke kafaɗata ta faɗa tsakanin jirgi da katako, da maganin a ciki. Na shiga ruwan har wuya ina lalube, masunta suka fizgo ni.

Mutanen sun karɓe mu kamar nasu, suka ba Inna tabarma mafi bushewa. Amma guguwa ta zauna, bayanta kuma teku ya ƙi kwanciya, jirgin Kawu Vong ya tsage. Tun rana ta biyu ciwon ya taso. Idon ya yi ja, ya yi tauri kamar tsakuwa, kanta yana sarawa, duk abin da ta sha sai ya dawo. Matan suka yi ta sa mata tsumma mai sanyi. Tana cewa, “Nhan, Nhan, zo ki riƙe min kaina,” don ke kike mata haka in tana zazzaɓi. Ina zaune ina ji, ba ni da abin yi. Da safiyar da jirgin sojan ruwa ya zo, ta buɗe ido ta ce, “Khiem, an kashe fitila ɗaya.”

Daga tasha motar kaya ta kawo mu nan kai tsaye, tana kwance a kan tabarma, kanta a cinyata.

Luyen ta zo jiya da kaya, ta kawo min wasiƙarki ta watan Yuni. Ta ce bayan tafiyarmu kaɗan ta iso. Na karanta a barandar asibiti. Duk abin da kika faɗa ya faru. In an sallame mu zan mayar da ita gida, ni kuma in dawo karɓar magani da sakamako.

Ƙanenki,
Khiem

*

Liberec, ƙarshen watan Agusta, 1993

Khiem, ƙanena,

Tana raye. Yanzu na karanta. Ka gaishe ta, ka gaishe da Luyen, ka gaishe da kowa.

Ka saurare ni. Akwai wata wasiƙata a hanya, wadda na rubuta tsakiyar wata. Ambulan ruwan toka ce. Kada ka buɗe. Ka sa ta a murhu yadda take. Takardarka ta tasha ta jiƙe, kalmar “idon” ta goge, “na hagu” ta goge, na karanta abin da ya rage. Na yi zaton gawa ka ɗora a motar. Abin da na rubuta a kan wannan zaton ba na mutum mai hankali ba ne.

Na sake aika saƙon waya yau, ban sani ba ko suna isa ƙauye. In ka riga ka buɗe, ban san me zan ce ba. Ni da ko rana ɗaya ban riƙe mata kai ba a ciwon nan, kai ka shiga ruwa har wuya.

Don girman Baba, kada ka buɗe.

Yayarka,
Nhan

*

Thanh Ba, ƙarshen watan Satumba, 1993

Nhan,

Ni ce uwarki, wadda kika binne. Luyen ce take rubutawa, ni ina faɗa, kuma na ce mata ko kalma ɗaya ta gyara zan sani.

Ina gaishe ki. Ina cin abinci, ina zuwa bayan gida da ƙafata. Idon dama yana ganin fuska in an matso, yana ganin kaji a tsakar gida, zare da allura kam sun wuce. Na hagu ya tafi, ba ya ciwo kuma. Luyen ta kusa, ƙafafunta sun kumbura.

Wasiƙarki mai ruwan toka ta riga ɗayar isowa. Ranar Khiem ya tafi Hanoi karɓo magani. Na ji mai keken gidan waya, na ce wa Luyen ta buɗe ta karanta min, 'yata ce. Ta fara, ta tsaya. Na ce ci gaba. Ta ce, “Inna, rubutun ba ya fita.” Na ce, “Ƙarya kike, ni ce makauniya ba ke ba.” Ta karanta har ƙarshe tana kuka. Ba kowace tsohuwa take samun jin jana'izarta da kunnenta ba. Na gode da shinkafar. Gefen rafi kuma ni ma ba na so, kin kyauta da kika faɗa.

Na so in ɓoye masa, amma ya dawo ya tarar da fuskar matarsa, ya miƙa hannu. A tsaye ya karanta. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ɗauki fartanya ya hau tudu, bai sauko ba sai da duhu ya fara. Tun ranar yana ɗiga min magani, yana zuwa makaranta, amma ba a jin muryarsa a gidan. Ko da ta biyun ta zo, ya karanta, ya ninke ya ajiye.

Yanzu ki buɗe kunne. Yaron nan bai kai ni teku ba, ni na kai shi. Na san wasiƙarki a'a za ta ce, ni na haife ki. Shi ya sa na matsa masa mu tafi kafin ta iso. In kina neman wanda ya ci idona, ga ni nan zaune a Thanh Ba, ki rubuto min, Luyen za ta karanta.

Kuma ba na da-na-sani, ko ranku zai ɓaci. Na ga wurin, Nhan. Kafin iskar ta zo, mun shiga wani wuri da ruwa ya yi tsit, kore kamar ganyen shayi sabon toho, duwatsu a sama, duwatsu kuma a ƙasa cikin ruwan, har ban san wanne ne na gaske ba. Wata shirwa tana kewaya kan ɗaya. Na ce wa mai jirgin ya kashe injinsa mai surutu, ya kashe. Na zauna na kalla da ido biyu har na ƙoshi. Yanzu in na kwanta, ta gefen hagun nan da ya mutu nake ganinsa, don babu abin da yake shiga ya ɓata shi.

Na san abin da ya sa kika rubuta abin da kika rubuta. Kina can ke kaɗai da takarda jiƙaƙƙiya. Amma kin ce ba ki da ƙane, ni kuwa biyu na haifa, kuma ban mutu ba balle a raba min su. Ki rubuto masa, shi kaɗai, ba ta hannuna ba, ba ta hannun Luyen ba. In bai amsa ba ki sake. Haka za ki yi ta yi.

Ki sauke hotona daga kusa da na ubanki, ya jira tukuna. Farin ƙyallen kuma ki wanke ki ninke ki ajiye. Zai yi amfani, amma ba bana ba.

Uwarki

Yaya, ni ne. Inna ta ce sai na sa hannu kafin a rufe. Na karanta duka biyun. Ta farkon tana nan a raina, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma ki rubuto, zan buɗe. Wannan na naɗe ta a leda, gudun ruwa.

Khiem